Yadda ake yi wa magarya aure ta koma bishiyar kasuwa

Akwai wata bishiyar kurmi da wasu matasan manomanmu suke ta sha'awa, wadda masana suke kira Maesopsis eminii, a Uganda kuma musizi ake ce mata. Gaskiya ne tana da saurin girma, tana miƙewa sambal ta yi tsawo, ana yanka katako mara nauyi da ita, masu gonar koko da kofi kuma suna shuka ta saboda inuwa, har ma a duwatsun Usambara na Tanzaniya da aka kai ta sai da ta bazu cikin daji ta zame musu matsala. Amma malam ita wannan ƴar ruwa ce, inda take jin daɗi ruwan sama yana haura milimita 1200 a shekara, mu kuwa nan wajen Gumel da Maigatari da Ɓaɓura in an samu rabin haka ai sai hamdala, ga iskar hunturu ga zafin Afrilu ga gara, kuma katakon nata ma ba ya jure gara. To kar ka wahalar da kanka. Danginta ɗaya da magarya da kurna, su kuma ga su nan a bakin gonarka ba wanda ya shuka su ba wanda ya taɓa ba su ruwa, duk shekara sai an sare an banka musu wuta wajen sharar gona kuma su sake tohowa. A kansu zan yi magana, musamman magarya, don ita ce in ka yi mata aure da iri mai kyau, wato ka ɗora mata reshen irin su haɗe su zama bishiya ɗaya, za ta ba ka ƴaƴan da za ka kai kasuwa.

Irin da ake aura mata daga Indiya ya fito, can sun daɗe suna noman magarya a lambu kamar yadda muke noman mangwaro. Sunayen da za ka fi ji su ne Gola da Umran da Seb. Gola zagayayye ne kuma yana riga sauran nuna, Umran ya fi girma ɗan dogo ne, yana makara amma ya fi jure tafiya a mota. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki sosai wajen yaɗa su a Nijar, can tuffar Sahel suke ce musu, kuma in ka ci ɗanye za ka ji ƙaras-ƙaras ga ruwa ga ɗan zaƙi da ɗan tsami, guda ɗaya ya ninka irin tamu ta daji sau da yawa a girma. Abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu shi ne in ka shuka ƙwallon Gola ba lallai ka samu Gola ba, yawanci baya yake komawa, saboda haka reshe ake nema ba ƙwallo ba. Ka tambayi malamin gona na yankinku, na hukumar aikin gona ta jiha, JARDA in Jigawa kake ko KNARDA in Kano, ko masu rainon dashe, ko wani mai lambu da ka ga bishiyar da idonka tana da ƴaƴa. Ni dai shawarata kar ka karɓi reshe daga bishiyar da ba ka ga ƴaƴanta ba.

Kafin komai, gonar ta wace ce? In aro ce ko haya ko jingina ka fara zuwa wajen mai ita ku yi magana a gaban shaida, don bishiya ba gero ba ce da za ka girbe ka tafi, kuma mun san yadda rigimar gado take tashi a kan itace ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi amfani da magaryar da take nan tsaye. Saiwarta ta riga ta nutsa ƙasa ta samu laima, wannan aikin shekaru ne da aka yi maka kyauta. Ka zagaya gonar da rani ka zaɓi waɗanda suke da lafiya, ba masu kauci ba ba waɗanda gara ta cinye gindinsu ba, kuma ka tabbata magarya ce ta gaske mai farin bayan ganye, ka bar magaryar kura a inda take. Kurna ma tana karɓar aure amma ga mai koyo gara ya fara da magarya. Wajen ƙarshen bazara, Afrilu zuwa Mayu, sai ka sare ta ƙasa-ƙasa ka bar kututture kamar taƙi ɗaya ko biyu, sara mai kyau a karkace don kar ruwa ya zauna a kai. Ƙayar da ka sare kar ka ƙone ta, da ita za ka kewaye kututturen, saboda tohon da zai fito shi ne abin da akuya ta fi so a duniya kuma a lokacin ba a ɗaure dabbobi ba tukuna. Da ruwa ya sauka za ka ga toho ya fito rututu, sai ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe ka fige sauran. In suka kai kaurin fensir, yawanci cikin Yuli ko farkon Agusta, lokacin aure ya yi.

Wanda kuma ba shi da magarya a gona ko yake so ya yi lambu a jere, sai ya fara daga ƙwallo. Ka tara ƴaƴan da suka nuna sosai a jikin bishiya da hunturu, ka cire naman ka shanya ƙwallon. Ƙwallon magarya tauri gare shi, in ka binne shi haka zai iya yin wata ko fiye bai tsiro ba kuma da yawa ba za su fito ba sam, don haka sai ka ɗora a kan dutse ka buga a hankali da guduma ya tsage, a ciki za ka tarar da ƴar ƙwaya ɗaya ko biyu masu sheƙi, su ne irin. Za ka farfasa wasu kafin hannunka ya saba, ba komai. Ka jiƙa su kwana ɗaya a ruwa sannan ka shuka, cikin sati ɗaya zuwa biyu za ka ga sun fara hudo ƙasa. Ƙasar raino kuwa yashi da ƙasar gona da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanyen kashin shanu ba. Ledar piya wata da ake rainon dalbejiya da zogale a ciki ta yi wa magarya gajarta, don ita ƙasa take fara yi da saiwa kafin ta yi sama, in saiwar ta nannaɗe a gindin leda dashen ya samu naƙasa ke nan har abada, to ka nemi doguwar leda baƙa ka huda ƙasanta, kuma duk bayan sati biyu ka ɗaga ledojin ka canza musu wuri kar saiwa ta kama ƙasa. In ka shuka a Maris ko Afrilu kana ba su ruwa a inuwa, zuwa Yuli sun isa dashe. Wasu ma ba sa bin ta leda, ƙwaya biyu ko uku suke sawa kai tsaye a ramin da damina ta zauna, daga baya su bar guda mai ƙarfi, kuma gaskiya ga mai gonar tudu da ba ruwa kusa wannan ya fi.

Rami ka haƙa shi tun kafin ruwa, faɗi da zurfi kamar santimita 60, ƙasar sama gefe guda ta ƙasa gefe guda. Ka gauraya ta saman da ruɓaɓɓen taki bokiti ɗaya ko biyu da ɗan toka ka mayar ciki. Tazara mita 6 tsakanin bishiya da bishiya, taku bakwai zuwa takwas ke nan na babban mutum, Umran ma in ka ƙara mata ba ka yi asara ba don tana baza rassa. Na san da ido za ka ga kamar ɓarnar fili ce, amma ai ba zama filin zai yi ba, wake da gyaɗa da riɗi duk za ka ci gaba da nomansu a tsakani, har gero. In gonar tana da gangare ko fako ce da ruwa yake gudu a kai, ka yi wa kowane rami kunya mai siffar rabin wata ta ɓangaren gangaren, bakinta yana kallon inda ruwa yake tahowa, duk ruwan da ya zo sai ya tsaya ya nutse a gindin dashen. Wurin da ruwa yake kwanciya wata da watanni kam ba nata ba ne.

To yanzu auren kansa, nan ne aikin yake, ka natsu. Kayan aiki ba su da yawa, wuƙa mai kaifi sosai ko sabuwar reza, leda mai laushi da ka yanka siri-siri kamar faɗin ɗan yatsa, da ƴar farar leda irin ta ƙullin ƙanƙara. Reshen da za ka aura ka yanko shi da sassafe daga bishiyar kirki, na bana wanda ya fara ƙwari, ba ɗanye shataf ba kuma ba tsoho ba, kaurinsa daidai da tohon da za ka ɗora shi a kai. Nan take ka yanke ganyen ka bar ɗan guntun ƙarar ganyen, ka cire ƙaya, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ko buhu, kar rana ta gan shi. In daga nesa za ka kawo to ka yi ƙoƙari ka yi aikin a ranar ko washegari, reshen da ya sha iska a bayan babur ya bushe ba abin da zai yi maka.

Ka yanka reshen gunduwa-gunduwa, kowane tsawon santimita 10 zuwa 15 mai ido uku ko huɗu, idon shi ne ɗan kullutun da ke hammatar ganye inda toho yake fitowa. Ka lura da sama da ƙasa kar ka juya shi. Ƙasan sai ka fere shi gefe biyu ya yi tsini mai faɗi, tsawon firar kamar gaɓar yatsa ɗaya, kuma kowane gefe da jan wuƙa ɗaya in zai yiwu don ya fita sumul, kar ka taɓa wurin da hannu. Sai ka koma kan tohon magaryar dajin ka datse kansa a tsayin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ka tsaga shi ta tsakiya daidai tsawon firar da ka yi, ka zura reshen a ciki. Sirrin duk yana wajen ɓawo, ƙarƙashin ɓawo akwai ɗan kore-kore mai danshi kuma ta nan suke haɗewa, saboda haka dole ɓawon reshe ya yi daidai da ɓawon uwar, wato magaryar dajin da ka ɗora shi a kai, in kaurinsu bai zo ɗaya ba ka matsar da shi gefe guda ya dace a can, ya fi ka sa shi a tsakiya bai taɓa ko'ina ba. Ka ɗaure da siririyar ledar nan tam daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa ba zai shiga ba, sannan ka kifa ƴar farar ledar a kai ka ɗaure bakinta sako-sako. Da safe ko da yamma ake yi, ba da tsakar rana ba kuma ba ana ruwa ba.

Akwai kuma auren ido, shi ne wanda ƴan Indiya suka fi yi, ido ɗaya tak ake yankowa da ɗan ɓawonsa, a tsaga ɓawon uwar tsaye da kwance a ɗaga shi a zura idon a ciki a ɗaure a bar idon yana leƙe. Yana da amfani in reshen da ka samu kaɗan ne don kowane ido bishiya ne, sai dai yana son lokacin da ɓawo yake saɓulewa da sauƙi da kuma hannun da ya saba.

Bayan sati biyu zuwa uku in ya kama za ka ga ido ya kumbura ya fito da ganye a cikin ledar, sai ka cire ta saman. Ɗaurin kuma ka bar shi ya ƙara kamar wata guda sannan ka tsaga shi da reza a hankali, in ka manta da shi zai shaƙe reshen ya yi masa wuya har iska ta karya shi a nan. Wanda ya yi baƙi ya bushe bai kama ba, shi ya sa na ce ka bar toho biyu ko uku, ka datse ƙasa da wurin ka sake. Ka kafa sanda ka ɗaure sabon reshen, iskar hadarin Agusta ba ta da wasa.

Daga nan sai yaƙi da uwar. Magaryar daji ba ta haƙura, za ta yi ta fito da nata tohon daga ƙasan wurin auren da cikin ƙasa, kuma nata ya fi ƙarfi, in ka yi wata biyu ba ka leƙa ba za ka tarar ta shanye abincin ta kashe baƙon ta koma yadda take. Duk abin da ya fito ƙasa da ɗaurin ka fige shi tun yana ƙarami. Gane su ba wuya, ganyen mai aure ya fi faɗi da girma kuma ƙayarsa ba ta kai ta daji ba. Wannan dubawar aikin yara ne ma in ka nuna musu sau ɗaya, amma ka nuna musu da kyau kar su fige wanda ake so.

Mai aure a kan tsohuwar saiwa takan yi fure tun a shekarar farko, ka rage mata ƴaƴan ta samu ta gina jiki, amfanin gaske daga shekara ta biyu zuwa ta uku yake farawa. Fure yana zuwa ƙarshen damina, ƙanana ne masu wani wari da ƙuda da zuma suke so, kuma su ne suke yi mata barbara, don haka ba a feshi tana fure. Yana da kyau ka haɗa iri biyu a gona ko ka bar magaryar daji ɗaya a gefe, ƴaƴa sun fi kamawa. Dashen leda yana son ban ruwa a raninsa na farko, ko jarka ɗaya ce a sati, ka rufe gindin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa amma kar ya manne da jikin itacen saboda gara. In ta kafu ba za ta mutu don rashin ban ruwa ba, sai dai wanda yake da rijiya ko yake kusa da fadama in ya ba ta ruwa daga Oktoba lokacin da ƴaƴa suke cika zai ga bambanci a girmansu ƙarara. Taki kuma duk farkon damina, a zagaye daidai inda inuwarta ta tsaya.

Abin da mutanenmu suke jin tsoro shi ne aski, mutum ya ga bishiyarsa ta yi kyau sai ya kasa sa mata wuƙa. Alhali magarya a kan sabon reshen bana take yin ƴaƴa, wadda ba a aske ba sai ta cukurkuɗe ta yi ƴaƴa ƙanana kuma ka rasa ta inda za ka sa hannu. Shekarun farko ka bar mata gangar jiki ɗaya zuwa kamar ƙugu, daga nan manyan rassa uku zuwa biyar kowanne yana kallon nasa ɓangaren. Bayan haka duk shekara in an gama tsinka ta zubar da ganye da zafin bazara, ka rage rassan bara sosai, ka cire busassu da masu gicciye juna da duk mai kauci. Lokacin ya yi wa manomi daidai, don sanda za ka yi shuka bishiyar ba ta da inuwar da za ta danne gero, ga kuma ƙayar shinge ka samu.

Babban abokin gaba ƙudan ƴaƴan itace ne, yana huda ɗanyen ɗa ya yi ƙwai, kana gani lafiya lau a waje ka gatsa ka tarar da tsutsa, kuma ƴaƴan magarya mai aure ya fi so don naman ya fi yawa. Tsutsar in ta ƙoshi ƙasa take faɗawa ta kwanta a gindin bishiya ta zama sabon ƙuda, saboda haka maganin farko shara ce, duk ɗan da ya faɗo a tsince kullum a ba dabbobi ko a binne da zurfi, sannan da rani a kafce gindin rana da kaji su gama da sauran. Ruwan dakakken ƙwallon dalbejiya yana ragewa. Wani lokaci kuma za ka ga fari-fari kamar an barbaɗa toka a ganye da ƙananan ƴaƴa, wannan cuta ce da ake yi wa maganin farar wuta. In ta kai ga maganin kanti ka tambayi malamin gona wane ne da kwana nawa za a jira kafin a ci, kar ka ɗauki ragowar na wake ka fesa wa abin da yara za su tsinka su jefa a baki. Tsuntsu da jemage da ƴan makaranta kuwa sai gadi.

Tsinka tana farawa da shigowar sanyi, Gola tun wajen Nuwamba, ta ci gaba har cikin hunturu. Na sayarwa ɗanye ka tsinke shi da hannu sanda koren ya fara juyawa ruwan ɗorawa, ba a kaɗa shi da sanda kamar na daji don duk wanda ya bugu ya lalace. Kwando mai shan iska ake zubawa ba buhun leda ba, kuma kwanaki kaɗan yake yi, to ka san mai sayenka kafin ka tsinka, ko masu tallan bakin titi da tasha, ko ranar kasuwa irin Alhamis a Maigatari da Lahadi a Dambatta, in ya yi yawa kuma ga kasuwar ƴan lemo a Na'ibawa, Kano. Da yake mutane da yawa ba su san shi ba ka yanka ka ba su ɗanɗano. Yana da bitamin C sosai. Wanda ya nuna ya yi ja a shanya shi a kan tabarma, in ya bushe ya daɗe a ajiye, mata su daka su tankaɗe su yi tuwon magarya ko a zuba garin a kunu, duk da dai a wajen daka ta daji ta fi ƙamshi a bakina.

Ganyen ma kuɗi ne. Kowa ya san da ruwa da magarya ake wankan gawa kamar yadda ya zo a hadisi, ga masu neman sa don ruƙiyya, ga mata masu wanke gashi da garinsa don yana kumfa. A inuwa ake shanya shi ya bushe da korensa, wanda ya sha rana ja yake yi masu saye su raina shi. Dan Allah bishiyar da aka yi wa feshi kar a ɗebi ganyenta don wanka ko sha, ka ware ta daji guda da magani ba ya taɓa ta saboda wannan. Ragowar ganye awaki da tumaki da raƙuma su ci, manyan rassan da aka aske a fere ƙotar fartanya ko a yi girki da su. In bishiyarka ta shekara biyu ta yi ƙarfi kuma ba sai ka sake zuwa neman reshe wajen kowa ba, da damina ka yanka a jikinta ka bi sauran kututturan bakin gonar.